Rahoton da Na Rubuta a Kan Dakta Jamilu

Ba na jin zan taɓa manta wata safiyar Litinin a farkon damina, lokacin ina shugabantar wata ƙaramar cibiyar lafiya a Unguwar Shanu, irin wadda mutane ke kira asibitin sha-ka-tafi. Tun da ku sababbin likitoci kun ce in ba ku labari ɗaya daga cikin aikina kafin kowa ya kama hanyar inda aka tura shi, wannan zan ba ku, ko da yake ba labari ba ne da zai ƙara mini daraja a idonku.

Ina zaune a ɗakin duba marasa lafiya, fom ɗin neman magunguna a gabana, sai Malam Isiyaku ya leƙo. Dattijo ne Bakatsine, yana sayar wa teloli zare da maɓalli da zif a Babbar Kasuwa. Shekara tara ina duba shi a kan hawan jini. Na san matarsa, na san jikarsa ta fari, domin a ɗakin haihuwarmu aka haife ta. Muka gaisa, na nuna masa kujera, na miƙa hannu in karɓi katinsa. Bai miƙo ba.

"Likita, gaisuwa ce kawai na leƙo in yi," in ji shi. "Ƙaramin likita zan jira."

Na ce masa layin can da tsawo, ni kuwa ba kowa a gabana. Ya ce ba komai, maƙwabcinsa na duba masa rumfa. Ya ja ƙofar a hankali ya koma kan benci.

Bari in koma baya kaɗan, saboda waɗanda ba su taɓa aiki a irin wannan wuri ba. Cibiyar lafiya ta matakin farko ita ce inda mutumin unguwa yake fara zuwa. Zazzaɓi, gudawa, tari, awon ciki, rigakafin yara, hawan jini, ciwon suga, duk a nan ake farawa. Abin da ya fi ƙarfinmu sai mu rubuta takarda mu tura babban asibiti. Da yawa daga cikin irin waɗannan cibiyoyi ba su da likita ma, jami'an lafiya da nas-nas ne ke riƙe da su. Tamu ta samu likita ne saboda yawan jama'ar unguwar. Shekaru da dama ni kaɗai ne likitan, ni ne kuma shugaba.

Mutane na zaton likita yini yake yi yana sauraren ƙirji yana rubuta magani. Ni dai ga yadda yinina yake a lokacin. Ƙarfe takwas in iso, in duba rajistar zuwan ma'aikata, in duba firjin da ake ajiye ruwan allurar rigakafi ko sanyinsa ya kwana daidai, in sa hannu. In shiga ɗakin magani in ga abin da ya ƙare. Sannan in zauna duba mutane. Kowane mutum da na gani, bayan katinsa, sai an shigar da shi babbar rajista. In zazzaɓin cizon sauro ne, yana da tasa rajistar daban. Mai ciki daban, mai tarin fuka daban, yaro mai tamowa daban. A ƙarshen wata a tattara dukkansu a fom guda, a kai ofishin da ke kula da mu, sannan a sake shigar da su a na'ura, in an yi sa'a akwai caji da sabis. Ga taro a sakatariya, ga taron kwamitin unguwa, ga masu zuwa duba aiki ba tare da sanarwa ba, ga mai neman takardar hutun rashin lafiya, ga waya ba ta daina ƙara. Kuma babu ko ɗaya a ciki da za ka ce wasa ne. Watan da rahoto bai je ba, watan gaba magani ba zai zo ba.

Sau uku ina rubuta takarda ina roƙon a ƙaro mini likita. A karo na uku aka turo Dakta Jamilu. Bazazzagi ne, siriri, mai sanyin murya, sai ka matsa kake jin abin da yake faɗa. Bai daɗe da gama bautar ƙasa ba, na girme shi da shekara goma sha wani abu. Ranar da ya zo na yi murna ƙwarai, har na sa aka sayo lemo aka raba wa ma'aikata. Da kaina na raba mana aiki. Tun da bai san kan rajistoci ba, bai kuma san mutanen ofis ba, na ce ni zan ci gaba da riƙe takardu da taruka, shi ya ɗauki yawancin marasa lafiya, ni kuma in riƙa taya shi daga ƙarfe tara zuwa sha ɗaya, ko duk lokacin da na samu sarari. Ku riƙe wannan: ba wanda ya tilasta mini, ni na tsara.

Dakta Jamilu yana da wata ɗabi'a. Ya jawo kujerarsa daga bayan tebur ya ajiye ta a gefe, yadda in mutum ya zauna, gwiwarsu na kusa da juna. Ba ya ɗaukar biro sai mutum ya gama magana. Yakan tambayi tsohuwa wa ke dafa mata abinci, ya tambayi direba ƙarfe nawa yake fita. Da farko abin ya burge ni. Na ce a raina, ƙuruciya ce, aiki zai koya masa sauri.

Kafin wata uku sunansa ya cika unguwa. Matan da ke zuwa awo ranar Talata sai ka ji suna tambayar mai kati ko ƙaramin likita yana nan. Wata rana wata mata ta kawo masa ƙwan zabi dafaffe a ƙwarya, ya ce a raba wa kowa. Da aka miƙo mini na ce ba na cin ƙwai, alhali da safen nan biyu na ci a gida. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne taron kwamitin unguwa. Na yi wata biyu ina safa da marwa tsakanin ofis-ofis har aka gyara mana famfon ruwa, aka canza batirin firji. A taron, mai unguwa ya miƙe ya ce suna godiya ga Allah da ya kawo musu likita mai sauraron jama'a. Aka yi ta tafi. Ni ma na tafa. Ba wanda ya ambaci famfo, ga shi kuwa ruwansa ne a kofunan da ke gabanmu.

To, a cikin wannan hali ne Malam Isiyaku ya tsaya a ƙofata ya ce zai jira ƙaramin likita. Da wani ne daban, da na daure. Amma shi nawa ne, ko kuwa haka nake gani. Daga ranar na fara jin haushin komai na Dakta Jamilu: yadda yake gaishe ni da ladabi, yadda dariyar marasa lafiya ke fitowa daga ɗakinsa ta ratsa bango ta same ni ina tara lambobi. Ban taɓa kiran abin da sunansa ba. Na riƙa ce wa kaina damuwa nake yi da tsawon layi.

Bayan kamar mako uku sai ofishinmu ya aiko da wani fom. Ana son kowane likita da kowane nas ya rubuta abin da yake yi a kowane rabin sa'a, na tsawon mako guda, domin a san yadda za a sake raba ma'aikata. A ƙasan fom ɗin akwai fili da aka bar wa shugaban cibiya ya yi bayani. Ina ganin filin nan na ji kamar an miƙo mini sanda.

Na kira Malam Sani, mai ba da kati, na ce ya riƙa rubuta mini lokacin da kowane mara lafiya ya shiga ɗakin Dakta Jamilu da lokacin da ya fito. Ya tambaye ni ko har da ɗakina. Na ce a'a, nawa ni zan rubuta. Ya ce to, amma bai kalle ni ba da ya faɗa.

Ranar Alhamis da yamma na baje takardun a tebur. Tawa na fara dubawa, kuma ba ta yi mini daɗi ba. Lokacin da na zauna da marasa lafiya ido da ido a makon bai kai sulusin lokacina ba. Sauran duk rajista ne, da taro, da waya, da zaman mota a cunkoso. Shekara bakwai na yi a jami'a ina koyon jikin ɗan Adam, ga shi takarda ta nuna mini na zama magatakarda mai farar riga. Ta Dakta Jamilu kuwa, daga sama har ƙasa mutane ne. Wani ya yi minti goma sha biyar, wani ashirin, wata ma ta haura rabin sa'a. Rayuwar da na shiga aikin likita dominta ke nan, wani ne yake yin ta a ɗakin da ke jikin nawa, da izinina.

Maimakon in tsaya a kan wannan, sai na nemo inda na fi shi. A sa'a biyu nakan ga adadin mutanen da yake gani daga safe zuwa azahar. Na ɗauki biro na rubuta a filin nan cewa likita na biyu mai ƙwazo ne amma yana da jinkiri, layi yakan kai har bayan azahar, kuma a ganina zai fi amfani a wurin da jama'a ba su kai namu yawa ba. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Na karanta sau biyu na tabbatar.

Sista Rifkatu, babbar nas ɗinmu, ita ke haɗa takardun nas-nas da namu a ambulan guda. Ta riga ni zuwa cibiyar, kuma ba ta iya ɓoye abin da ke ranta ba. Ta karanta a tsaye, ta cire tabarau ta dube ni.

"Dakta, shekara nawa muna tare? Layin nan kafin yaron nan ya zo har la'asar yake kaiwa, ba ka taɓa rubuta kanka ba."

Na ce mata aikinta shi ne ta buga hatimi. Ta buga, da ƙarfin da ya fi na kullum. Ranar Juma'a da safe na kai ambulan ɗin ofis da hannuna. Na kuma kafa sabuwar doka: ba mara lafiyan da zai ƙara zaɓen likita. In ina ɗaki, kati ɗaya nawa, ɗaya nasa, bi da bi.

Laraba ta mako na biyu bayan haka, katin Malam Isiyaku ya faɗo kaina. Ya shigo ya zauna, ba walwala sosai. Ranar ina da taro ƙarfe sha biyu a sakatariya, ga jerin sunayen yaran rigakafi da zan tafi da shi ban gama ba. Na auna jininsa, ya ɗan hau, ba sosai ba. Na dubi shafin gaba na katin, inda magungunansa suke da rubutun hannuna tun shekarun baya. Na tambaye shi ko yana shan magani, ya ce yana sha. Ban tambaye shi wanne ba. Waya ta yi ƙara, na ɗauka, na gama, ta sake yi. Na rubuta masa tsohon maganinsa, na ninka ƙarfinsa, na ƙara masa wani a kai. A raina ina cewa bari ya ga yadda ake saukar da jini ba tare da doguwar hira ba. Bai yi minti biyar a ɗakin ba.

Na dawo daga taro wajen ƙarfe uku da rabi, na tarar da Dakta Jamilu a ƙofata riƙe da kati. Ashe kullum kafin ya tashi yakan bi katunan masu hawan jini da suga da aka gani a ranar.

"Yallaɓai, ko ka ga takardar da na maƙala a bayan katin Baba Isiyaku?"

Ya juya katin. Ga farar takarda an maƙale da fil, rubutu ƙanana ƙanana har ƙasa. Katin ya cika, shi ya sa ya ƙara ta. A tsaye na karanta. Tsohon maganin da nake ba Malam Isiyaku irin mai sa yawan fitsari ne. Rumfarsa tana da nisa da bayan gida, kuma mutum ne mai son zama da alwala. Saboda haka shekara da shekaru ba ya shan maganin sai ranar da ba zai fita kasuwa ba. Ga kuma wani maganin ciwon gwiwa da yake saya a kemis, wanda shi ma yana ɗaga jini. Dakta Jamilu ya gano duk wannan a zama ɗaya. Ya dakatar da tsohon maganin, ya sa shi a kan wani da ba ya sa fitsari, ya hana shi na kemis, jinin kuma ya fara sauka. Abin da na auna da safe na ce ya hau, shi ne mafi kyawun awon da dattijon ya samu a shekaru.

"Akwai sauran wanda na ba shi a hannunsa," in ji Dakta Jamilu. "In ya ɗauka ƙari ka yi masa, zai haɗa duka uku."

Muka kira lambar da ke katin, a kashe. Na ɗauki abin awon jini, shi ya ɗebi ƙullin gishiri da sukari irin wanda ake jiƙa wa mai gudawa, muka shiga motata. Mun ajiye ta nesa da kasuwar, muka kutsa a ƙafa, muna kauce wa masu baro, muna tambayar layin masu kayan teloli. Ranar ana zufa irin ta kafin hadari.

Tun daga nesa muka hango mutane sun taru a bakin wata rumfa. Malam Isiyaku na kwance a tabarma, wani na yi masa fifita da kwali, wani ya danne masa goshi da tsumma, jini ya ɓata wuyan rigarsa. Maƙwabcinsa ya ba mu labari. Bayan azahar ya sha magungunan gaba ɗaya, bai ci wani abin kirki ba. Ya yi ta zuwa bayan gida. Da ya idar da la'asar ya yunƙura zai miƙe, sai jiri ya kwashe shi, goshinsa ya bugi bakin akwatin zare.

Na durƙusa na auna shi. Jinin ya faɗi ƙasa sosai, amma yana cikin hayyacinsa, ya gane mu, hannu da ƙafa duk suna motsi. Muka ɗora ƙafafunsa a kan kwalin kaya, muka jiƙa gishiri da sukarin a ruwan leda muka riƙa ba shi kaɗan kaɗan. Muka zauna a wurin kusan sa'a guda, ina aunawa ina sake aunawa, har jinin ya fara dawowa. Mutanen layin sai sa mana albarka suke yi, wai likitoci biyu sun biyo mara lafiya har kasuwa. Kowace albarka kamar mari nake jin ta.

A hanyar komawa cibiya, dattijon na kwance a kujerar baya, Dakta Jamilu ya ce mini ƙasa ƙasa, "Yallaɓai, ni ma da laifina. Da na soke tsohon maganin a shafin gaba, da ba a yi haka ba." Zan faɗa muku gaskiya, ko a wannan lokacin sai da na ji haushinsa. Na so a ce ya ɗaga mini murya, ko ya nuna jin daɗi, in samu abin riƙewa a kansa. Bai ba ni ba.

Ni na yi wa Malam Isiyaku ɗinki, zare uku a goshi. Ina yi na gaya masa cewa kuskurena ne, ban karanta abin da abokin aikina ya rubuta ba. Na kuma tambaye shi abin da ya hana shi gaya mini maganar fitsarin nan duk tsawon shekarun.

"Likita, ai ban ƙi ka ba," in ji shi, idonsa a rufe. "Farkon zuwana, kai ka tambaye ni sunan garinmu, har ka ce mani ka taɓa kwana a can. To, sannu a hankali sai na zamana in na shigo, saman hularka kawai nike gani. Maganar fitsari kuwa ba a yi wa saman hula ita."

Sista Rifkatu na riƙe da tiren kayan ɗinki. Muka riƙe shi har gab da magariba, jininsa ya daidaita, ɗansa babba ya zo ya tafi da shi.

Washegari ƙarfe takwas ina ofishin shugabarmu. Likita ce ita ma, dattijuwa, kowa Hajiya yake ce mata. Na gaishe ta na ce na zo ne in janye bayanin da na rubuta a ƙasan fom. Ta buɗe fayil ta zaro takardun, tawa da ta Dakta Jamilu, ta jera su.

"Wani abu a ciki ƙarya ne?"

"A'a, ranki ya daɗe. Amma ba don layi na rubuta ba."

Na ba ta labarin abin da ya faru jiya, ban rage komai ba. Ta saurara har na gama. Ta ce in rubuta rahoton kuskuren maganin kamar yadda ƙa'ida ta tanada, in kawo. Sannan ta ce tun ranar da ta karanta takardun ta san ba lafiya ba, domin ita ma ta taɓa riƙe cibiya, ta kuma taɓa samun ƙaramin likita a ƙarƙashinta.

"Amma ka makara, Dakta. Akwai wata cibiya can bayan gari da ba ta da likita ko ɗaya, an daɗe ana matsa mini in nemo mata. Na rasa inda zan cire. Sai ga shugaba ya rubuto da hannunsa cewa nasa zai fi amfani a wani wuri. Na tura sunansa sama tun makon jiya."

Na roƙe ta. Na ce a mayar da ni can a bar shi. Ta ce ba haka ake yi ba, kuma mutanen can ma mutane ne, sun cancanci likita mai sauraro.

Na yi kwanaki ina juya yadda zan gaya wa Dakta Jamilu. Zan iya yin shiru, takardar canjin wuri ta zo kamar daga sama, ba wanda zai faɗa masa. Amma Malam Sani ya sani, Sista Rifkatu ta sani, kuma kullum da safe sai na haɗa ido da su. Ranar Litinin bayan an tashi na kira shi ɗakina na faɗa masa komai, har da sa Malam Sani da na yi ya riƙa duba masa agogo. Na ga ransa ya ɓaci, domin a lokacin bai daɗe da kama haya a Unguwar Dosa ba, matarsa kuma tana da tsohon ciki.

"Da ka gaya mini, Yallaɓai, da na karɓi rabin rajistocin," in ji shi. "Ni na san minti ashirin ɗin nan ba nawa ba ne. Kai kake saya mini su a can ofis. Na ɗauka kana jin daɗin hakan ne."

Ya miƙe, ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ya fita. Daga ranar har ya tafi, bayan wata biyu, bai taɓa yi mini rashin ladabi ba, amma bai ƙara shigowa ɗakina don hira ba. Ranar da zai tafi matan awo suka haɗa masa walima a harabar cibiya. Aka ce shugaba ya yi jawabi. Na yi, na yabe shi, kuma duk abin da na faɗa gaskiya ne.

Na koma ni kaɗai, kamar da. Na koya wa Malam Sani da wata jami'ar lafiya cika wasu rajistocin, na ware yammacin Alhamis don rahoto, na daina ɗaukar waya in mutum na gabana. Abin ya ɗan rage, amma ba zan yi muku ƙarya ba, minti ashirin ba ta taɓa samuwa ba. In na yi ƙoƙari in ba mutum bakwai ko takwas. Sai bayan shekara biyu aka sake turo wani likita. A tsakanin nan, mutanen unguwa ne suka biya abin da na rubuta, da zaman benci da gajeriyar ganawa. Mukan haɗu da Dakta Jamilu a taruka, mu gaisa da mutunci. Yanzu shi ke shugabantar tasa cibiyar, ya rame, yana yawo da fayil a hammata. Har yau in wata tsohuwa ta tambaye ni ina ƙaramin likita, nakan ji abin nan ya ɗan motsa a ƙirjina. Bambancin kawai, yanzu na san sunansa: ƙyashi ne.

Abin da nake so ku tafi da shi ba mai yawa ba ne. Lokacin likita a irin wuraren da za ku je ba ya isa, kuma ba zai taɓa isa ba. Wani sashe na mara lafiya ne, wani na takarda, kuma takardar ba abokiyar gaba ba ce, ita ke kawo magani da allura. Amma mai riƙe takarda ba a ganinsa, ba a gode masa, kuma in ya daɗe a haka zuciyarsa takan yi tsami ba tare da ya sani ba. In ku biyu ne, ku raba takardar, ku raba mutanen, kada ɗaya ya kwashe godiya ɗaya ya kwashe rajista, ko da shi ya ce ya yarda. Ku karanta abin da abokin aikinku ya rubuta kafin ku ɗora naku. Sannan duk makon da ka ji ranka na sosuwa in an yabi wani, kada ka rubuta komai a kansa a wannan makon, ko da gaskiya ne. Ni da gaskiya zalla na raba unguwa guda da likitanta.